Yayata a Bencin Baya

A majami'armu ta Sabon Gari akwai wani benci can baya, dab da ƙofa, kusa da inda ake jingine tsintsiya da bokitin goge ƙasa. Nan ne mazaunin wanda aka sa a horo. Horo a wurinmu ba bulala ba ce. In mutum ya yi laifin da dattawan ikilisiya suka ga ya kai, sai a karanta sunansa ranar Lahadi, a ce daga yau ba zai ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi a sujada, ba zai yi waƙa da mawaƙa ba, in mace ce ba za ta ɗaura zanen zumuntar mata ba, har sai ya tuba. Tuban ma da tsarinsa: mutum ya zo da ƙafarsa, ya miƙe tsaye gaban jama'a, ya faɗi laifinsa da bakinsa, sannan a karɓe shi. Yayata ta yi shekara shida a kan wannan benci.

Laifinta shi ne 'yarta ɗaya tilo ta kwanta ciwo, asibiti suka yi nasu ba sauƙi, sai wata ta kwatanta mata wani boka a bayan gari. Ta je, ta karɓo ƙullin magani. Yarinyar ta rasu duk da haka. Hawayen Yaya bai bushe ba magana ta kai kunnen dattawa, suka kira ta, suka ce ta miƙe ta tuba. Ta dube su ta ce, "Baba, in da 'yata tana numfashi yanzu, aka ce mini akwai wani bokan a wani gari, da na sake tafiya. To me zan tsaya in ce? In yi ƙarya a ɗakin Allah?" Shi ke nan aka karanta sunanta. Ba ta yi fushi ta bar majami'a ba, kamar yadda da yawa suke yi. Duk Lahadi tana rufe kaskon wainarta, ta yi wanka, ta zo ta zauna kusa da tsintsiya. Taurin kan nan gadonmu ne daga mahaifinmu, can ƙauyenmu na wajen Zariya.

Ni tela ne, shagona yana Fagge. Ba malamin addini ba ne ni, amma a shekarun nan na koyi manyan kalmomi ba da son raina ba, saboda dattawa biyu da suka mai da majami'armu filin dambe.

Na farko ɗan kasuwa ne, yana sarin madara da taliya da sabulu a Kasuwar Singa, shi ya sa muke ce masa Baban Singa. Ya je wani kwas na 'yan watanni a makarantar koyon Littafi Mai Tsarki, ya dawo da kalma ɗaya a bakinsa: zaɓaɓɓu. A cewarsa tun kafin a kafa duniya Allah ya riga ya ware waɗanda zai ceta, ya rubuta, ya rufe. Wanda ke ciki ba zai fita ba ko ya so, wanda ke waje ba zai shiga ba ko ya kwana yana kuka. Ɗan Adam ba shi da ta cewa, ikon duka na Allah ne. Ya samo wannan daga wani Bature da ya mutu tun shekaru aru-aru, yana kuma ambatonsa kamar tare suka ci tuwo jiya. Abin da ban taɓa ganewa ba, mutumin da ya ce komai an riga an ƙaddara, kwaɗo uku yake sa wa shagonsa, ya kuma dawo ya jijjiga su ɗaya bayan ɗaya. Ban kuma taɓa jin ya yi shakkar cewa sunansa yana cikin waɗanda aka zaɓa ba.

Na biyu tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, har yau Hedimasta muke kiransa. Shi kuma ya ce Allah ba azzalumi ba ne, ya buɗe ƙofa ga kowa, ya ba mutum 'yancin ya shiga ko ya ƙi. Ceto kyauta ne, amma sai ka miƙa hannu da kanka. Magana mai daɗin ji. Sai dai ni nake yi wa gidansa ɗinki, na kuma san iyakar 'yancin da ke cikin gidan nan. Matarsa, tsohuwa mai jikoki, takan kawo atamfa ta ce, "Baba ya ce a yi wuyan kaza mai rufe ƙirji, hannu ya kai nan." Ko launin zare ba ta da ikon zaɓa.

Ranar Laraba da yamma muke nazarin Littafi, a nan suke karawa. Wannan ya jawo aya, wancan ya jawo tasa, a yi ta kumfar baki ana ta da jijiyar wuya har mai gadi ya fara kaɗa makullai. Mutanen da ba su taɓa zuwa nazari ba suka fara zuwa kallo. Ba zan wanke kaina ba, ni ma ina zuwa, ina kuma jin daɗi. Ina bayan Hedimasta, har nakan yi masa tafi in ya ƙure abokin karawarsa. A lokacin ban san musun nan yana iya taɓa jikin mutum ba, na ɗauka abin hira ne irin na 'yan ƙwallo.

Sai Yaya ta kwanta. Ƙoda ce. Ƙafafunta suka kumbura har fatar tana sheƙi, ta daina iya taka ƙasa. Bayan mun yi ta zarya, likita ya ja ni gefe ya ce mu kai ta gida mu ci gaba da addu'a. Kowa ya san ma'anar wannan. Na mai da ita ɗakinta, na riƙa rufe shago da wuri ina zuwa in zauna da ita.

Wata rana da la'asar ina ba ta kunu, ta ture kofin ta ce, "Ina so in ci Jibi kafin in tafi."

Na ce, "Yaya, kin san sharaɗin."

Ta ce, "Na sani. Ni da Allah mun daɗe da gama maganarmu, mutane ne suka rage. Ban yi nadamar nema wa 'yata rai ba, ba kuma zan taɓa yi ba. Amma na yi nadamar inda na je nema. Wannan zan iya faɗa gaban kowa ba tare da na yi ƙarya ba. Je ka gaya musu."

Shekara shida ina jiran in ji wannan daga bakinta. Na fita ina share ido, ina ganin abin da ya rage mai sauƙi ne: Fasto ya ɗauko gurasa da ƙoƙo, ya zo da dattijo ɗaya ko biyu, a ji ta bakinta, a ba ta. Tafiyar minti goma ce daga majami'a zuwa ɗakinta.

Faston namu matashi ne, mai kirki, amma tsoron dattawan nan biyu ya cika masa ciki, don su ne ke iya rubuta takarda a ɗauke shi. Ya saurare ni, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya ce ba shi da ikon kai Jibi ga wanda ke horo sai kwamitin dattawa ya ɗage. Ya ce in fara ganin manyan biyu, in sun yarda sauran ba za su ja ba.

Na sami Baban Singa a kasuwa, tsakanin katan-katan, ana sauke masa kaya daga mota. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya gyara hula ya ce, "Ɗana, kwantar da hankalinka. In yayarka zaɓaɓɓiya ce, ɗan gutsuren gurasa ba zai ƙara mata komai ba, ta riga ta tsira tun kafin a haife ta. In kuwa ba ta ciki, ko buhun gurasa muka kai mata aikin banza ne. Mu su wane ne da za mu sa hannu a abin da aka riga aka yanke?" Bai rufe baki ba ya juya ya daka wa wani ɗan dako tsawa, wai ya bi a hankali kada ya fasa masa katan ɗin madara. Madara kam bai bar ta a hannun ƙaddara ba.

Na wuce gidan Hedimasta da ƙarfin gwiwa, don shi ne nawa. Na same shi a ƙarƙashin fanka yana karanta jarida. Ya sauke tabarau ya ce ya yi murna ƙwarai, ƙofar Allah a buɗe take, ta ikilisiya ma haka. "Ta zo da ƙafarta, ta tsaya, ta faɗa. Ranar ni zan fara rungumar ta."

Na ce, "Baba, ƙafar ce ta kumbura. Ba ta iya zuwa ko bayan gida."

Ya ce, "Ka ga, in muka je muka tsaya a kanta tana kwance, mun matsa mata ke nan. Mai ciwo zai ce i ga komai. Tuban da ba na zaɓin mutum ba, ba tuba ba ne. Ai ka sha jin ina bayani ranar Laraba."

Na sha ji kuwa, har da tafi. Na fito daga gidan nan kunya da haushi suna cina. Mutum biyu da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, kowa ya bi tasa doguwar hanyar, suka ɓullo wuri ɗaya: ba mai ɗaga ƙafa ya je ɗakin Yaya.

Kwamiti ya zauna ranar Asabar. Da na je jin sakamako, Fasto ya kasa haɗa ido da ni. Wai da aka kawo maganarta sai Baban Singa ya ce tuba baiwa ce da Allah ke sa wa a zuciyar zaɓaɓɓe, Hedimasta ya ce a'a, aikin mutum ne, aka shiga musu. Awa uku suna abu ɗaya, sauran dattawa suna hamma. Maganar Yaya aka ɗage ta zuwa wani zama.

Washegari Lahadin farkon wata ce, ranar Jibi. Na ce to, tunda zuwa suke so, za ta zo.

Akwai wani mai adaidaita da ke ajiye kekensa a ƙofar shagona, Musulmi, mutanen Barno ne amma a Fagge aka haifi har kakansa. Da yammacin Asabar ɗin na roƙe shi ya zo da safe ya ɗauke mu. Ya tambayi dalilin fita da mara lafiya irin wannan, na ba shi labari a taƙaice. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, mu ma malamanmu sun sha wannan muhawara ta ƙaddara. Amma mara lafiya dai ana zuwa duba shi."

Da safe muka ɗora Yaya a farar kujerar roba, ni da shi muka ɗaga ta zuwa keke. Duk ramin da muka faɗa a titin Sabon Gari sai ta cije leɓe, amma ba ta yi ƙara ba. Ta sa in ɗaura mata ɗankwalinta mai kyau. Da muka isa ana tsakiyar sujada. Mai adaidaita ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa, ko da yake mu da takalmi muke shiga, ya kama ɓangarensa na kujerar, muka ratsa tsakiyar jama'a da ita har gaban teburin da aka lulluɓe da farin ƙyalle. Ya ajiye, ya fita ya jira mu a waje.

Waƙa ta tsaya. Yaya ta yi magana daga zaune, muryarta ƙasa-ƙasa, amma majami'ar ta yi tsit har na baya suna ji. Ta faɗi abin da ta faɗa mini, ba ƙari ba ragi. Ta ce ta nemi taimako inda bai kamata ba, ta roƙi gafarar Allah, tana roƙon ta ikilisiya. Mata suka fara kuka. Na ga Fasto ya taso daga kujerarsa, hannunsa a miƙe, na ce a raina an gama.

Sai Hedimasta ya yi gyaran murya ya miƙe. Ya ce zuciyarsa ta karaya kamar ta kowa, amma tsari tsari ne. Tsari ya ce mai tuba ya zo da ƙafarsa ya tsaya. Wannan kuwa ɗauko ta aka yi, kowa ya gani. "Ta yaya za mu tabbatar nufinta ne, ba na ƙaninta ba?"

Baban Singa ya miƙe shi ma. Jama'a suka gyara zama, don an saba duk abin da wancan ya ce wannan zai rushe. Har ni na sa rai. Sai ya ce, "Yau dai na yarda da ɗan'uwana, amma ba don dalilinsa ba." Wai wannan gaggawa ce irin ta ɗan Adam, ana so a tura Allah ya yi abu a ranar da muka ga dama. In an ƙaddara za a karɓe ta, za a karɓe ta a lokacinsa, ba sai an yi dakonta a kujera ba.

Shekara da shekaru ana roƙon Allah ya haɗa kan dattawan nan biyu. Ranar aka amsa addu'ar, a kan yayata.

Hannun Fasto ya sauka a hankali. Ya ce kwamiti zai sake zama cikin mako. Yaya ta kama damtsena ta ce in ɗaga ta. Ta yunƙura sau biyu, gumi ya keto mata, ƙafafun suka ƙi. Ni kuwa idona ya rufe. Na ce musu da Allah da kansa zai shigo majami'ar nan, da sai sun tambaye shi takardar kwamiti. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba. Yaya ta ja rigata ta ce, "Kai, ɗakin Allah ne. Kai ni wurina."

Wasu samari biyu daga cikin mawaƙa suka taya ni, muka mai da kujerar baya, muka ajiye ta a gefen bencinta. Ta ƙi mu tafi sai an tashi. Aka yaye farin ƙyallen, aka yi addu'a, dattawa suka ɗauki faranti suna bi layi-layi. Baban Singa ne ya biyo ta ɓangarenmu. Ya ba na layin da ke gabanmu, ya miƙo mini, na kau da kai, ya juya ya koma. Yaya ta bi farantin da ido har aka mai da shi kan tebur.

Ranar Alhamis da hantsi ta rasu.

Ranar Juma'a kwamiti ya zauna. An ce zaman bai kai minti goma ba. Shugabar zumuntar mata ce ta aika musu cewa gobe mata za su ɗaura zanen zumunta su raka gawar kamar ta 'yar ƙungiya, ko an ɗage horo ko ba a ɗage ba, kuma ba dattijon da ke son a ga mata sun taka dokarsa a bainar jama'a. Nan da nan aka sami hanya. Ba wanda ya jawo aya.

Ranar Asabar maza shida suka shigo majami'a da akwatin gawar a kafaɗa, suka ajiye shi daidai inda muka ajiye kujerar roba. Sakatare ya miƙe ya karanta cewa kwamitin dattawa, bayan addu'a da nazari, ya ɗage horon 'yar'uwarmu, ya karɓe ta cikin cikakkiyar zumunta. Jama'a suka ce amin. Ɗauko ta aka yi, ba ta tsaya ba, ba ta ce uffan ba, amma wannan karon Hedimasta bai tambayi nufin wa ba ne, Baban Singa bai ga gaggawa ba. Ina zaune a layin gaba ina jin kamar in yi dariya, kamar in fasa ihu, na rasa wanda zan yi.

Bayan mun dawo daga maƙabarta ana zaman gaisuwa a ƙofar gida, dattawan nan biyu suka zo. Baban Singa ya fara zama kusa da ni, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya rage murya ya ce, "Kai kana wurin sa'ad da ta cika. Ka ga salama a fuskarta? Zaɓaɓɓu suna da alama a ƙarshe." Kafin in amsa Hedimasta ya jawo kujera ta ɗaya gefen, ya ce shi abin da yake so ya sani, ko a ƙarshe ta furta da bakinta cewa ta zaɓi Ubangiji, ba wanda ya sa ta. Na dube su. Musun ranar Laraba suke shirya wa, kowa yana neman abin da zai jefi ɗan'uwansa da shi, kuma gawar Yaya ce ta fi kusa da hannu.

Na ce, "Baba, ku matso ku ji tare, don ba zan maimaita ba."

Suka matso.

Na ce, "Tun daga Litinin, duk wanda ya turo ƙofa, tambaya ɗaya take yi masa: sun zauna? A ce mata tukuna. Ranar Alhamis da safe na shigo, ta sake tambaya, na ga numfashinta ya canja. Sai na yi mata ƙarya. Na ce sun zauna, sun ɗage, Fasto yana hanya da gurasa da ƙoƙo. Ta ce in kawo ruwa in wanke mata hannu, kada ta karɓa da hannu mai datti. Na wanke mata, na goge. Ta shimfiɗa tafinta a kan zane, tana kallon ƙofa. A haka ta cika."